Gwadon Inna a Kan Gora Huɗu

A shekarun da na riƙe shagon ɗinki a Samaru, mu biyu ne a cikinsa. Labule muka sa muka raba shi: a gaba kekena da teburin yanka, a ciki madubi da kujerar kitso ta ƙawata. Ibo ce, amma a Sabon Gari aka haife ta, kuma in tana ciniki da mai tumatir ba wanda zai ce ba Bazazzagiya ba ce. Na girme ta kaɗan, don haka Yaya take ce mini. Uwarta tana sayar da busasshen kifi a kasuwar Sabon Gari, kusa da inda nake sayen zare, a nan muka saba. Ɗaliban jami'a su ne abokan cinikinmu. Yarinya za ta shigo a rage mata siket, kafin ta fita an yi mata kitso. Kwano ɗaya muke cin abinci, ɗaki ɗaya muka kama haya a bayan shagon.

Shekarar da aka yi rikici gari ya ɗauki zafi, mutanen kudu suna ta haɗa kaya, babana ya aro motar wani abokin aikinsa a Shika ya zo ya kwashe ta ita da uwarta zuwa gidanmu a ƙauye. Sun zauna da mu har hankali ya kwanta. A can zazzaɓi ya kama ta, tana ta rawar ɗari, Innata ta buɗe akwatinta ta ciro gwadon da ba ta taɓa bari mun taɓa ba, ta lulluɓe ta da shi. Farin gwado ne mai nauyi, saƙar hannu, da ratsin shuɗi a bakinsa biyu. Kakata ce ta kaɗa audugar da hannunta, ta kai wa masaƙi, ta ba Inna ranar da aka kai ta gidan miji. Bayan Inna ta rasu, da aka zo rabon 'yan kayanta, Baba ya ce ni zan ɗauki gwadon.

Bayan wannan ne wani mutum ya fara zuwa shagonmu zance wajen ƙawata. Kayan wuta yake sayarwa a Sabon Gari, wayoyi da ƙwayaye da makunni. Dogo ne, ba ya da yawan magana, kullum da wata 'yar hula ƙarama a tsakar kansa. Ranar Asabar, ranar da kowa yake neman ciniki, shi shagonsa a rufe. Ƙawata ta gaya mini cewa shi da wasu 'yan gidaje daga yankinsu addinin Yahudawa suke bi, suna taruwa a falon ɗaya daga cikinsu a Palladan. Da zancensu ya yi nisa ta daina zuwa cocinsu, ta daina kitso ranar Asabar. Uwarta ta yi kuka har ta gaji. Ni ma a cocinmu, matan zumunta da suka san zamanmu tare sun tare ni bayan sujada, wata ta ce mini ai ya kamata in raba ɗaki da ita kafin ta ja ni. Na ce musu ni na san yarinyar, ban ga abin da ya sake a halinta ba, kuma mutumin bai taɓa ce mini in bar cocina ba. Akwai waɗanda suka daina kawo mini ɗinki saboda wannan amsa.

Wata rana da yamma ya shigo da wasu takardu a hannu. Ya je kafen intanet ya bugo hotuna. Ya shimfiɗa su a kan teburin yankana, ƙawata ta fito daga bayan labule tana goge mai a hannu.

"Anti," ya ce, "akwai abin da muke so ki yi mana. Ba za a ɗaura aurenmu ba sai da shi."

A hoton, ango da amarya ne tsaye a fili, a kansu an shimfiɗa mayafi, an ɗaure kusurwoyinsa huɗu a kan sanduna, kowace sanda mutum ɗaya yana riƙe da ita. Na ce in kanofi suke so ai ga masu haya nan a bakin titi, har da kujerun roba. Ya yi murmushi ya ce wannan dabam ne, su huppa suke kiranta. Sai ya ja benci ya zauna ya yi mini bayani, ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin ta ranar ba.

Ya ce rumfar ita ce gidan farko da mata da miji za su shiga tare. Ba a sa komai a ƙarƙashinta, ba kujera ba tabarma, don a tuna cewa mutanen da ke cikin gida su ne gidan, ba kaya ba. Ba a yi mata bango. Kowane ɓangare a buɗe yake, domin kakansu na farko, wanda mu ma a coci muke kira uban bangaskiya, an ce tantinsa ƙofa huɗu gare shi, ta duk inda baƙo ya ɓullo ba sai ya zagaya ba. A waje ake kafa ta, ƙarƙashin sararin sama, don zuriyar da za a samu ta yi yawa kamar taurari. Na tambaye shi me ya sa ba za a haƙa rami a kafa sandunan ba, mutane su huta. Ya ce ana iya yin haka, amma ya fi daɗi a ba mutum huɗu da suka fi kusa da ma'auratan su riƙe, don sabon gida ba ya tsayuwa shi kaɗai.

"Ko da mutum ba na addininku ba ne?" na ce.

"Ban ga inda aka hana ba," ya ce. "Wanda ake ƙauna shi ake ba."

Ya ƙara da cewa wasu da mayafin addu'ar ango suke yi, fari mai ratsi, amma nasa ƙarami ne, ba zai rufe mutum biyu ba. Wasu kuma sukan nemi zanen da aka gada daga iyaye. Ƙawata ta dube ni, na dube ta. Ba ta roƙe ni ba, wannan kam zan faɗa. Ni na tashi na shiga ɗaki na ɗauko gwadon Inna na warware shi a kan tebur. Mutumin ya miƙe tsaye yana shafa ratsin shuɗin da yatsa. Ya ce kamar da mayafin addu'arsu aka gwada aka saƙa.

"Aro ne," na ce. "In an gama a dawo mini da shi."

"Haba Yaya," ta ce, idonta ya cika da hawaye. "Da hannuna zan naɗe shi in kawo miki. Kuma sandar gaba ta dama, wadda ke kusa da ni, taki ce. Wa nake da shi da ya wuce ki?"

Na shiga aiki. Ban yarda almakashi ya taɓa gwadon ba. Na samo farin yadi mai ƙarfi na ɗinka masa a baya, a jikin yadin na yi madaukai a kusurwoyi, don nauyi kada ya ja saƙar. Na yi tuntu da zaren shuɗi da fari na rataya a kowace kusurwa. Ango ya kawo wani rubutu da yake so a sa a tsakiya, ya ce magana ce a kan murnar ango da amarya. Haruffan masu kusurwa ne kamar an sassaƙa su da wuƙa, kuma daga dama suke farawa, irin na ajami. Na fara su daga hagu, sai da ya zo ya gani ya riƙe ciki yana dariya, na kwance na sake. A kan wani ƙyalle dabam na yi su da allura, sannan na liƙa da ɗinki mai sauƙin kwancewa. Gorar sandunan kuwa Baba ne ya saro ta a bakin rafi can wajen Shika, ya zaɓi miƙaƙƙu, ya kankare su da kwalba, ya ɗauro su a kan babur har ƙofar shago. Da na gaya masa abin da za a yi da gwadon, sai ya ce da Inna tana raye ita da kanta za ta bayar.

Na ajiye ɗinkin mutane da yawa saboda wannan aiki, na sha faɗa da wata ɗaliba da ta zo karɓar riga ta tarar ban yanka ba. Ranar da na gama, muka fitar da rumfar bayan shago, muka kira mai shayi da mai gyaran waya suka kama sanda biyu, ni da ango muka kama biyu, amarya ta shiga ƙarƙashi da tsohon zanen aikinta tana juyi. Rana ta ratso ta saƙar ta zubo mata a fuska. Na ɗinka wa kaina riga da zane da ɗankwali, fari da shuɗi, don su dace da rumfar.

Ranar Lahadi aka sa bikin, da la'asar, a tsakar wani babban gida a Sabon Gari. Ban tsaya an tashi daga sujada ba, na fito na tari Keke Napep, muka ɗaure gorar a sama, na rungume rumfar a cinya. Na tarar gidan ya cika. Dangin ango sun zo daga kudu a bas guda, da wani dattijo mai farin gemu wanda aka ce shi ne malaminsu, shi zai ɗaura auren. Na nuna wa mazan yadda ake zura gorar a madaukai, aka jingine rumfar a bango. Na tsaya a gefenta ina jira.

Wata mata mai jiki, da sarƙar zinariya a wuya, ta zo ta tsaya a gabana. Yayar ango ce, an ce tana da manyan shaguna a can garinsu. Ta dubi rumfar, ta dube ni, ta ce da Turancin kasuwa na yi ƙoƙari, in je wajen mata in taya rabon shinkafa. Na ce mata ni zan riƙe sandar gaba. Ta ce a'a, sandar gaba tata ce, sauran ukun kuma an riga an ba maza. Ta faɗa ba tare da faɗa ba, kamar mai gaya mini ƙarfe nawa.

Na ɗauka kuskure ne. Na kutsa cikin ɗakin da ake shirya amarya. Tana zaune gaban madubi, wata tana gyara mata mayafi. Ta hango ni ta madubin, ba ta juyo ba.

"Yayar mijinki ta ce ita za ta riƙe sandata," na ce.

"Yaya, ki yi haƙuri. Malam ne ya ce sai 'yan addini."

"Yaushe ya faɗa? Ai jiya ya iso."

"Ta waya. Tun tuni."

"Tun kafin in gama ɗinkin?"

Ta gyaɗa kai.

"Kina kallona ina ɗinka kayan da zan sa. Kin ce ma in ƙara shuɗin a ɗankwali. Me ya hana ki gaya mini?"

Ta yi ta murza yatsunta. Sannan ta ce, da ƙaramar murya, "Na ji tsoro kada ki yi fushi ki ɗauke gwadon."

Mai gyara mayafin ba ta jin Hausa, ta ce in matsa ina tare mata haske. Na matsa, na fita.

Ban tafi gida ba. Har yau ban san me ya tsayar da ni ba. Na tsaya can baya kusa da kulolin abinci. Aka ɗaga rumfar, gwadon Inna ya miƙe a kan mutane, tuntayen suna lilo. Aka kawo amarya, ta zagaya ango sau bakwai, dattijon yana rera addu'a da harshensu. Aka ba su abin sha a ƙoƙo ɗaya. Yayar ango ba ta saba riƙe abu mai nauyi ba, hannunta ya gaji, sai kusurwarta ta riƙa saukowa har tuntu yana taɓa kan amarya. Hannuna ya yi ta motsi da kansa kamar zai kama sandar. A ƙarshe aka naɗe kofin gilashi a ƙyalle, ango ya taka shi ya fashe, gida ya ɗauki guɗa da tafi. Wata ta miƙo mini ludayi, na karɓa na hau zuba shinkafa, da fararen kayana.

Ana cikin cin abinci dattijon ya taso ya je inda aka jingine rumfar, ya ɗaga bayanta yana duba ɗinkin. Ya tambaya, aka nuna ni, ya yafito ni. Ya taɓa zama a Kano yana saurayi, Hausarsa ta tsufa amma tana nan. Ya ce ya ɗaura aure da yawa ƙarƙashin zanen gado da labulen taga, bai taɓa ganin irin wannan ba. Na ce masa gwadon mahaifiyata ne.

"Na mamanki?" ya ce. "An gaya mini na dangin amarya ne. To, 'yata, me ya sa ba ki riƙe sanda ba?"

"Baba, ai an ce kai ka hana. Wai sai 'yan addini."

Ya dube ni da kyau. "Ni ba wanda ya tambaye ni," ya ce. "Wancan da ya riƙe ta baya ma direban bas ɗinmu ne, coci yake zuwa. Wa ya gaya miki haka?"

Na durƙusa na gaishe shi, na ɗauki jakata. Na so in kwance gwadon in tafi da shi a lokacin, amma mutane sun yi layi suna ɗaukar hoto a ƙarƙashinsa, uwar amarya ma tana ciki, karon farko da na ga ta yi dariya tun da aka fara zancen auren. Na ce gobe ma rana ce, na fito na hau mota zuwa Samaru.

Na bar kwana biyu ya wuce, ina jira a kawo. Ba a kawo ba. Na je shagon angon, yaron shagonsa ba ya nan, shi kaɗai ne. Da ya gan ni ya hau gyara kwalayen da ba su buƙatar gyara. Ya ce yayarsa ta tafi da rumfar a bas, akwai wani biki a can gida, da an gama za a aiko. Na tambaye shi wa ya ba ta. Ya ce matarsa ce ta ce ta ba ta kyauta, don yayar ce ta ɗauki nauyin abincin biki. Na ce shi fa, yana nan lokacin da na ce aro ne. Ya ce yana nan, amma maganar mata ce, bai so ya shiga ba.

Daga nan na wuce kasuwa wajen uwar ƙawata. Tsohuwar ta kama hannuna biyu, tana ƙarnin kifi, ta ce ita ba ta san an ɗauka ba sai da bas ya tashi. Ta ce tun da aka sa rana yayar ango take cewa amarya ba ta da kowa, 'yar mai kifi ce da ta girma cikin Hausawa har ta manta yarensu. Shi ya sa yarinyar ta ce gwadon na kakarta ne ta wajen uba, ta kuma ba yayar sandar, don ta samu wuri a gidan. Ta ce in yafe mata, yarinya ce. Na ce to, Mama.

Ƙawata ba ta dawo shago ba. Ta aiko aka kwashe madubi da kujera ranar da na je ƙauye. Na kira lambarta, in ta ɗauka sai ta ce tana cikin mutane za ta kira, daga baya ta daina ɗauka. Kafin damina ta faɗi sun sayar da shagon kayan wuta sun koma kudu. Baba ya tambaye ni sau ɗaya ko an dawo da kayan Inna. Na gaya masa yadda aka yi, ban rage komai ba. Sai ya ce in zuba masa ruwa. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Matan zumunta kuwa ba su ce mini komai ba, sai dai waɗanda suka janye suka dawo da ɗinkinsu, kuma wannan ya fi mini ciwo da a ce sun yi magana.

Bayan 'yan shekaru ƙawata ta zo Zariya ɗaukar uwarta, wadda ciwon ƙafa ya hana zaman kasuwa. Ina kan keke da rana sai na ji sallama da muryar da na sani. Ta yi ƙiba, ta yi haske, da jaririya a kafaɗa. Ta shigo tana Yaya, Yaya, tana cewa shagon ya yi kyau da na cire labulen. Na ba ta kujera, na sayo mata ruwan sanyi. Ta miƙo mini yarinyar, na karɓa. Ta yi ta ba ni labarin garinsu, tsadar haya, yadda ba a samun kitso mai kyau. Na bari ta gama.

"Ina gwadon Inna?" na ce.

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta ce ai yana nan, ya zama na jama'a, duk wanda zai yi aure a can shi ake ɗagawa, har daga wasu garuruwa ake zuwa aro. Wai sun ga ya yi faɗi da yawa, an rage gefe ɗaya an yi wa akwatin littattafansu murfi. Ta ce in da na ga yadda ake girmama shi da na ji daɗi.

"An yanka shi ke nan."

"Kaɗan ne, Yaya. Zane ne fa. In kina so zan sa a saƙa miki wani wanda ya fi shi."

Yarinyar ta kama ɗan kunnena tana ja, na cire hannunta a hankali na mayar wa uwarta. Na ce mata ina da ɗinkin da za a zo karɓa da yamma. Ta miƙe, ta goya yarinyar, ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara majanyi, tana jira in taso in raka ta bakin titi. Na ce ta gaida Mama. Na sa ƙafa a kan keke na ci gaba da kalmasar da nake yi.